Idan Na'urar Tef Ta Ƙi Kaset: Yadda Ake Bin Sawun Matsalar Cunkoso

Kusan duk wanda ya taɓa kirana da kukan cewa saitin cunkoso (density) na na'urar tef ɗinsa ta ajiyar bayanan kwamfuta ya rikice, in na je na duba sai in tarar cunkoson lafiyarsa lau. Na ƙarshe da na tuna wani ƙanena ne a sana'a, mai kula da ajiyar ko-ta-kwana a wani ofis. A jikin kwalin kaset ɗinsa na LTO-6, wato zamani na shida na kaset ɗin ajiyar bayanai da ake kira LTO, an rubuta 6.25 TB, amma ajiya na kaiwa kusan 2.4 TB sai manhaja ta ce a sako wani kaset. Kwana biyu ya yi yana buga umarnin setdensity, na sauya cunkoso, da lambobi iri-iri, na'ura tana ƙi. Da na tambaye shi me yake ajiyewa, ya ce bidiyo ne da hotuna. Nan take na gane babu abin da ya lalace, kaset ɗin ya ɗauki iya abin da aka yi shi ya ɗauka.

Saboda haka wannan jagorar za ta bi hanyar da nake bi ne, wato a fara kawar da abubuwan da ke shigar burtu da sunan cunkoso, sannan a zo kan cunkoson kansa. Mafi yawan misalan na Linux ne, domin a can aka fi ganin cikin na'urar ƙarara, amma zan taɓa Solaris da AIX da FreeBSD a gaba.

Cunkoso dai shi ne yawan ɗigon bayanai da kan na'ura ke jerawa a kowane inci na zaren tef, haɗe da salon da ake jera su. A zamanin manyan faya-fayan tef masu layi tara, waɗanda IBM ta fito da su tare da System/360 a 1964, mai aiki ne ke zaɓa da kansa: ɗigo 800 a inci, ko 1600, ko kuma 6250 da ya zo a 1973. Faifai ɗaya mai tsawon ƙafa 2400 yakan ɗauki wajen 40 MB a kan 1600, ya ɗauki fiye da ninki uku na haka a kan 6250. Zare ɗaya ne, zaɓin mutum ne ke bambanta su. Daga can aka gaji tunanin cewa cunkoso wani maɓalli ne da ake murɗawa. A na'urorin yau kuwa, musamman LTO, kaset ɗin ne ke gaya wa na'ura cunkosonsa, kai ba ka da ta cewa.

Kafin ka taɓa komai

Idan akwai bayanan da ake so a cikin kaset ɗin, tura ɗan makullin hana rubutu da ke jikinsa tukuna. A LTO jan abu ne da ake zamewa gefe, in hoton kwado ya bayyana to a kulle yake. Dalilin wannan gargaɗi shi ne tef ba kamar faifan kwamfuta ba ne. Ko bulo ɗaya, wato dunƙulen bayanai guda, ka rubuta a farkon tef, na'ura za ta dasa alamar ƙarshen bayanai a bayansa, duk abin da ke gaba ya ɓace mata. Gwaji kuwa a yi shi da kaset ɗin da ba a damu da abin da ke ciki ba.

Sannan ka san sunan da kake kira. A Linux /dev/st0 yana mayar da tef farko duk lokacin da aka rufe shi, /dev/nst0 kuma yana barinsa inda ya tsaya. A wajen bincike yi amfani da /dev/nst0 kawai. Wanda ya matsa tef gaba ta hanyar /dev/st0 sannan ya yi rubutu, a farkon tef zai rubuta, ya shafe abin da yake son ƙarawa a kai.

Mataki na ɗaya: kwamfuta na ganin na'urar kuwa, kuma wane mt ne a hannunka?

Buga wannan:

lsscsi -g

Za ka ga layi mai kalmar tape, da sunan kamfani da samfuri, da sunaye biyu a ƙarshe, misali /dev/st0 da /dev/sg3. Rubuta na biyun a takarda, za mu buƙace shi. In layin bai fito ba, matsalarka ta waya ce ko katin SAS ko wuta, maganar cunkoso ba ta taso ba.

Akwai wani tarko da ke kama sababbin hannu a nan. Umarnin mt, wanda ake sarrafa na'urar tef da shi, iri biyu ne a Linux. Akwai na GNU wanda ke zuwa tare da cpio, akwai kuma na ƙunshin mt-st. Na GNU ya iya mayar da tef baya da fitar da kaset da nuna hali, amma bai san setdensity ba, bai san setblk ba. A Debian da Ubuntu sau da yawa shi ne ke zaune tun farko. Buga mt --version ka gani, in ba mt-st ba ne ka girka shi, tare da sg3_utils da mtx, domin a cikin mtx ne ake samun tapeinfo.

Mataki na biyu: ka bar na'urar ta faɗi abin da take gani

Saka kaset, jira fitilar ta daina ƙyaftawa, sannan:

mt -f /dev/nst0 status

Layi biyu ne ke da muhimmanci a amsar. Ɗaya zai yi kama da haka:

Tape block size 0 bytes. Density code 0x5a (LTO-6).

Ɗayan kuma shi ne na ƙarshe, inda ake ganin kalmomi kamar BOT da ONLINE. BOT na nufin tef yana farkonsa, ONLINE na nufin an karɓi kaset, WR_PROT na nufin a kulle yake. In ka ga DR_OPEN to na'ura ba ta ɗauka akwai kaset a cikinta ba, kuma lambar cunkoso 0x0 da za ka gani a lokacin ba ta nufin komai. Na ga mutane sun tayar da hankali a kan wannan sifili alhali kaset ne bai gama zama ba.

Lambobin LTO ba su da yawa, gara ka riƙe su: 0x40 na LTO-1, 0x42 na LTO-2, 0x44 na LTO-3, 0x46 na LTO-4, sai aka yi tsalle zuwa 0x58 na LTO-5, 0x5a na LTO-6, 0x5c na LTO-7, 0x5e na LTO-8, 0x60 na LTO-9. Ƙananan kaset na DDS kuma 0x13 ne na farko, 0x24 DDS-2, 0x25 DDS-3, 0x26 DDS-4, 0x47 DAT 72. Umarnin mt densities zai jero maka duk waɗanda mt ɗinka ya sani.

Abin lura shi ne lambar ta kaset ce, ba ta na'ura ba. Na'urar LTO-6 da aka saka wa kaset ɗin LTO-5 za ta nuna 0x58, kuma daidai ta yi. Za ta rubuta shi a salon LTO-5, ya ɗauki 1.5 TB ɗinsa, babu umarnin da zai mai da shi 2.5 TB. Haka kuma in ka ga an rubuta "no translation" a gaban lambar, mt ɗinka ne ya tsufa, an rubuta shi kafin a haifi wannan kaset. Sunan ne kawai bai sani ba, aiki zai tafi yadda ya kamata. Wani abin dariya ma, 0x40 lamba ce da LTO-1 da DLT1 suka yi tarayya a kanta, shi ya sa mt-st ke ambaton su biyun tare ya bar ka ka zaɓa.

Mataki na uku: kaset ɗin da na'urar sun dace?

Nan ne fiye da rabin matsalolin ke ƙarewa. Daga LTO-1 na shekarar 2000 har zuwa LTO-7 na 2015 ƙa'ida ɗaya ce: na'ura tana rubuta kaset ɗin zamaninta da na baya da ita ɗaya, tana karanta har na baya da ita biyu. Wato LTO-6 tana rubuta 6 da 5, tana karanta 4 amma ba ta rubuta shi, 3 kuwa ba ta san shi ba. Da LTO-8 ta zo a 2017 sai aka taƙaita, tana karantawa da rubuta 8 da 7 kaɗai. LTO-9 ta 2021 ma haka, 9 da 8 kaɗai. Kuma babu na'urar da ke karɓar kaset ɗin da ya fi ta sabunta.

Wanda ya sayi LTO-8 da niyyar karanta tarin kaset ɗinsa na LTO-6 bisa tsohuwar ƙa'ida, ya yi asarar tafiya. Sai ya nemo LTO-6 ko LTO-7 ya kwafe su.

Akwai kuma wani ɗan ƙwaya ɗaya da ke rikita mutane, shi ne M8. Sabon kaset ɗin LTO-7 da ba a taɓa rubutawa ba ana iya shirya shi a na'urar LTO-8 ya ɗauki 9 TB maimakon 6 TB, lambar cunkosonsa ta zama 0x5d. Da zarar an yi haka ya bar gidansu har abada. Na'urar LTO-7 ba za ta karanta shi ba duk da cewa jikinsa na ɗauke da tambarin 7, LTO-9 ma ba za ta karanta shi ba. In ka gaji ɗakin ajiya ka tarar da kaset ɗin 7 da na'urar 7 ke tofarwa, duba haruffa biyu na ƙarshe a takardar lambarsa. L7 na yau da kullum ne, M8 kuwa shi ne wannan.

DDS ma kaset ne ke yanke hukunci, ta ramukan da ke ƙasansa. Mai mita 120 DDS-2 ne, 4 GB. Mai mita 125 DDS-3, 12 GB. Mai mita 150 DDS-4, 20 GB. Na'urar DDS-4 da aka ba kaset mai mita 120 za ta cika a 4 GB, kuma ba laifinta ba ne.

Mataki na huɗu: karanta abin da na'urar ta kai ƙara

Manhajar ajiya takan dunƙule kowace irin matsala ta ce "Input/output error", wanda bai gaya maka komai ba. Cikakken bayanin yana cikin rahoton tsarin. Maimaita abin da ya gaza, nan da nan ka buga:

dmesg | tail -30

Nemi layukan da ke ɗauke da st0. In ka ga "Incompatible medium installed" ko "Cannot read medium - incompatible format", koma mataki na uku, kaset da na'ura ne ba su dace ba. "Cannot write medium - incompatible format" shi ne abin da za ka samu in ka nemi rubuta kaset ɗin da na'ura ke iya karantawa kawai. "Invalid field in parameter list" bayan ka buga setdensity na nufin na'ura ta ƙi lambar da ka ba ta. "Blank Check" yana nufin an kai inda babu rubutu, ko dai sabon kaset ne ko an wuce ƙarshen bayanai. "Medium Error" kuwa zare ne ya lalace ko kan na'ura ya yi datti.

Na'urar tana kuma riƙe da tutocin gargaɗi da ake kira TapeAlert. Da sunan sg ɗin da ka rubuta ɗazu:

sg_logs -p 0x2e /dev/sg3

ko kuma tapeinfo -f /dev/sg3. A nan za ta gaya maka in tana son wanki, ko kaset ya tsufa, ko an saka mata abin da ba ta ɗauka. Kwafe amsar tun a karon farko, domin wasu na'urori suna sauke tutocin da zarar an karanta su.

Mataki na biyar: girman bulo, babban ɓarawon da ake kama cunkoso a madadinsa

Ga yadda abin yake faruwa. An rubuta kaset a wata kwamfuta, an kawo taka, na'ura iri ɗaya, status ya nuna lambar cunkoso daidai, amma tar, umarnin da ake rubuta fayiloli a tef a kuma karanta su da shi, ya ƙi karantawa. Wani lokaci ma saƙon da zai ba ka shi ne "Cannot allocate memory", ka yi ta duba ƙwaƙwalwar kwamfuta alhali ba ruwanta.

Tef ana rubuta shi ne bulo-bulo, kuma dole a ɗauki kowane bulo gaba ɗayansa a karo guda. In an rubuta da bulo mai 262144 kai kuma ka miƙa kwanon da ke cin 10240, direban st, wanda ke kula da na'urar tef a Linux, ba zai gutsura maka ba, sai ya ƙi. Lambar 10240 ɗin ba daga sama ta faɗo ba, ita ce tar ke amfani da ita in ba a gaya masa komai ba, wato 20 sau 512. A dmesg za ka ga layi mai cewa "Failed to read 262144 byte block with 10240 byte transfer", wanda ya riga ya ba ka amsar.

In ba ka ga layin ba, auna da kanka. Mayar da na'ura yanayin bulo mai sauyawa, wanda sifili ke nufi, sannan ka karanta bulo ɗaya da babban kwano:

mt -f /dev/nst0 rewind
mt -f /dev/nst0 setblk 0
dd if=/dev/nst0 of=/dev/null bs=1M count=1

Adadin da dd ya ce ya kwafa shi ne girman bulon farko. Raba shi da 512 ka ba tar. In 262144 ne, 512 ke nan:

mt -f /dev/nst0 rewind
tar -b 512 -tvf /dev/nst0

Girman da ka gani yakan tona asirin wanda ya rubuta kaset ɗin. 64512 alamar manhajar ajiya ta Bacula ce in ba a sauya saitinta ba, 32768 kuma manhajar Amanda ta saba da shi. In bulon farko ƙarami ne ƙwarai, kamar 80, lakabi ne aka sa a gaba, bayanan suna fayil na gaba, ko kuma kaset ɗin LTFS ne, tsarin da ke nuna tef kamar faifan kwamfuta, wanda tar ba zai taɓa karantawa ba sai an ɗora shi da manhajar LTFS. A irin wannan hali kada ka yi ta gwada lambobi, nemi manhajar da ta rubuta shi.

Ɗaya fuskar matsalar ita ce in status ya nuna girman bulo wanda ba sifili ba, kamar 512 ko 1024. Na'ura na yanayin kafaffen bulo ke nan, duk kaset ɗin da aka rubuta da wani girma dabam zai gaza. Ni dai a kan sifili nake barin kowace na'ura sai in wata manhaja ta nemi akasin haka a fili.

Mataki na shida: kaset na cika da wuri

Mu koma kan ƙanen nan nawa. Lambar da ake bugawa da manyan haruffa a kwali ta bayan matse bayanai (compression) ce. Har zuwa LTO-5 ana lissafin ninki biyu, daga LTO-6 ninki biyu da rabi. Ainihin cikin kaset kuwa 800 GB ne a LTO-4, 1.5 TB a LTO-5, 2.5 TB a LTO-6, 6 TB a LTO-7, 12 TB a LTO-8, 18 TB a LTO-9. Rubutu zalla da rumbun bayanai suna matsuwa sosai. Bidiyo da hotunan JPEG da fayilolin zip an riga an matse su, abin da aka kulle da sirri kafin ya iso na'ura kuwa ba ya matsuwa ko kaɗan. Ƙari a kan haka, masu ƙera kaset da dubu-dubu suke lissafi, manhajoji da yawa kuma da 1024, don haka 2.5 TB zai iya bayyana a allonka kamar 2.27, 12 TB kuma kamar 10.9.

Duba ko matsewa a kunne take da tapeinfo, layin DataCompEnabled. Ana kunnawa da mt -f /dev/nst0 compression 1, a kashe da 0. Don ganin abin da matsewar ta haifar a zahiri, sg_logs -p 0x0c /dev/sg3 zai nuna adadin da kwamfuta ta aiko da adadin da aka rubuta a zare, ka kwatanta.

In ko ainihin cikin ma kaset bai kai ba, misali LTO-6 ya cika a 1.8 TB, to wannan matsala ce ta gaske, amma har yanzu ba ta saiti ba ce. Na'urar LTO tana karanta abin da ta rubuta nan take, in bai fito da kyau ba ta sake rubuta shi a gaba, zare yana ƙarewa a banza. Kai mai datti ko wanda ya cinye shi ne ke jawo haka. Gwada da sabon kaset. In shi ma ya gaza cika, na'urar ce. Mu da ke aiki inda ƙurar hunturu ke shiga ko'ina mun san wannan ciwo, ɗakin kwamfuta mai taga a buɗe a watan Janairu ba wurin na'urar tef ba ne. A yi wanki da kaset ɗin wanki in na'ura ta nema, ba kullum don ɗoki ba, kuma a san cewa shi ma yana ƙarewa bayan wanki kamar hamsin. Kaset ɗin da ya sha zafin mota kuma a bar shi ya kwana a ɗakin kafin a saka shi.

Wani ya taɓa ba da shawara a gabana cewa a goge kaset ɗin LTO da injin maganaɗisu don ya "koma sabo". Kada ka kuskura. Akwai layukan jagora da aka rubuta a zaren tun daga masana'anta, na'ura da su take bin hanya, in an goge su kaset ɗin ya zama shara.

Mataki na bakwai: inda cunkoso yake da gaske

Yanzu mun iso wurin da setdensity ke da aiki, wato na'urorin da ke iya rubuta kaset iri ɗaya a salo fiye da ɗaya. Fitaccen misali shi ne kaset ɗin DLTtape IV. DLT4000 tana rubuta masa 20 GB da lamba 0x1a, DLT7000 tana rubuta 35 GB da 0x1b, DLT8000 kuma 40 GB da 0x41. In kana da DLT8000 amma wanda za ka aika wa kaset ɗin DLT7000 gare shi, dole ka sauko zuwa salonsa. Haka Exabyte 8500 ke iya rubuta salon 8200, lamba 0x14 maimakon 0x15. Faya-fayan layi tara kuma 0x01 ne 800, 0x02 ne 1600, 0x03 ne 6250. A wasu tsofaffin na'urorin ma ta lambar cunkoso ake kunna matsewa, kamar 0x84 da 0x85 a DLT7000, na farko ba matsewa na biyu da matsewa. Daga nan ne mutane suka fara cakuɗa abubuwan biyu.

Ƙa'ida biyu ce ke mulkin wannan mataki. Ta farko, cunkoso na rubutu ne, wajen karatu na'ura ce ke gano salon da kanta, don haka setdensity ba ya gyara kaset ɗin da ya ƙi karantuwa. Ta biyu, ana sauya shi ne a farkon tef kaɗai. Kaset ɗaya ba ya ɗaukar salo biyu, in ka ƙara rubutu a bayan wanda ke ciki, da tsohon salon za a ci gaba ko me ka buga. Ma'ana, sauya cunkoso daidai yake da shafe kaset.

Da kaset ɗin gwaji:

mt -f /dev/nst0 rewind
mt -f /dev/nst0 setdensity 0x1b
tar -b 128 -cvf /dev/nst0 /etc
mt -f /dev/nst0 offline

Kada ka yarda da abin da status ya nuna nan da nan bayan setdensity, domin yana iya zama roƙonka ne kawai yake maimaita maka. Shi ya sa na ƙare da offline, wanda ke fitar da kaset. Mayar da shi ciki, ka sake buga status. Lambar da ta fito yanzu ita ce a kan zare. In ta koma tsohuwar, duba gaban na'urar, domin DLT7000 da 'yan'uwanta suna da maɓallin zaɓen cunkoso da fitilu, kuma abin da aka danna da hannu yana iya rinjayar umarnin kwamfuta. In ba wannan ba ne, to wata manhaja ko saitin tsarin ne ke mayar da shi duk lokacin da aka buɗe na'urar, wanda shi ne matakin gaba.

Kula da 0x ɗin nan. In ka bar shi ka rubuta 41 tsirara, an ɗauke shi arba'in da ɗaya na lissafin yau da kullum, wanda ba shi ne 0x41 ba.

Mataki na takwas: sa saitin ya zauna

Abin da ka saita da mt yakan tashi in an fitar da kaset ko an ɗauke wuta. Mai zaunar da shi a Linux shi ne stinit, wanda ke karanta /etc/stinit.def. Direban st yana ba kowace na'ura yanayi huɗu, da sunaye st0 da st0l da st0m da st0a, kowanne da ɗan'uwansa mai n a gaba. Misali:

manufacturer=QUANTUM model="DLT8000" {
mode1 blocksize=0 density=0x41 compression=1
mode2 blocksize=0 density=0x1b compression=1
}

Sunan kamfani da samfuri dole su yi daidai da abin da lsscsi ya nuna. Bayan ka buga stinit -v, rubutu ta /dev/nst0 zai fita a 40 GB, ta /dev/nst0l kuma a 35 GB. Ga na'urar LTO ko DDS kada ka sa density a fayil ɗin sam. Na taɓa kwana a kan wata na'urar LTO da ke ƙin rubutu, ashe wani ne ya bar lambar tsohuwar na'ura a wannan fayil shekaru da suka wuce, aka sauya na'ura aka manta da shi.

A Solaris harafin da ke sunan na'ura ne ke zaɓa: /dev/rmt/0l ƙasa, 0m tsakiya, 0h sama, 0u ko 0c mafi sama wanda galibi shi ne mai matsewa, n kuma hana komawa farko. Lambobin da ke bayan haruffan suna cikin /kernel/drv/st.conf. A AIX, rmt0 zuwa rmt0.3 suna bin saitin cunkoso na ɗaya, rmt0.4 zuwa rmt0.7 na biyu. Ana dubawa da lsattr -El rmt0, a sauya da chdev a kan density_set_1 ko density_set_2, kuma a can lambobin na lissafin goma ne, don haka 0x1b zai bayyana a matsayin 27. FreeBSD tana kiran na'urar /dev/nsa0, kuma mt getdensity zai tambayi na'urar ta jero salon da ta iya da wanda take iya rubutawa.

Saura guda ɗaya, ga masu amfani da dump. Wannan tsohon umarnin ajiya yana da zaɓin -d na cunkoso da -s na tsawon tef, amma ko kusa ba sa taɓa na'urar. Lissafi kawai yake yi da su don ya ƙiyasta yaushe tef zai cika, kuma lambobin da ya gada su ne 1600 da ƙafa 2300, na zamanin faya-fayai. In ka ga dump ya rubuta 'yan megabait arba'in a kaset mai ɗaruruwan gigabait ya ce a kawo na biyu, ba shi -a, wanda ke sa shi ya ci gaba da rubutu har sai na'urar da kanta ta ce zare ya ƙare:

dump -0a -b 64 -f /dev/nst0 /home

Bayan ya gama, mayar da tef farko ka buga restore -t -b 64 -f /dev/nst0 ka ga jerin fayilolin, sannan ka rubuta girman bulon da sunan umarnin a takardar da ke jikin kwalin kaset ɗin.